Maɓallan Kyaftin Hladun

Ni Vendelin Kubat, shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗinka wa hafsoshin barikin Horodna kaki, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa sakin jiki da mutumin da ba shi da aibi ba. Mashayi na san inda zan same shi. Ɗan caca na san abin da ke ramar da shi. Mai bin mata kuwa, kwalar rigarsa ce ke ba ni labari tun kafin ya buɗe baki. Amma wanda ba ya sha, ba ya caca, ba ya leƙa tagar kowa, wannan sai a sa masa ido. Haka Allah ya yi ni, kuma matata Apolena ta gaji da gaya mini cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Orest Hladun cikin marasa aibin nan yake, kuma da bakina aka ɗaure shi.

Da kakar 1897 ya zo mana, ƙaramin laftana, dogo siriri, sanye da kwat ɗin da ko ba a faɗa ba ka san wani ne ya fara cin moriyarsa. Da na auna shi na ga kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, irin ta wanda ya tashi da ɗaukar bokiti daga rijiya, ba irin ta 'ya'yan masu barori ba. Takardarsa ta ce maraya ne gaba da baya, kawunsa ne, limamin cocin wani ƙauye a bakin kogi, ya riƙe shi har ya cusa shi makarantar hafsoshi. Mutanen ƙauyukan nan yarensu ɗaya da na ƙetaren kogin, addu'arsu ma kusan ɗaya, sai dai na nan talakawan Sarkin Ostiriya ne, na can kuwa na Sarkin Rasha. Da rani kogin bai wuce gwiwa ba. Shi ya sa duk hafsan da ya fito daga cikinsu ana sara masa, amma ba a juya masa baya.

Aiki kam ya iya shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yare huɗu ne a bakinsa, kuma kuratan da aka kwaso daga gona, waɗanda ba su san hagu da dama da Jamusanci ba, a hannunsa suke zama sojoji ba tare da mari ba. Ga shi da hannun zane. In ya zauna a kan dutse da fensir, kafin shayinsa ya huce ya sauke maka tudu da kwari a takarda. An tura shi Bosniya shekara uku, ya dawo da zazzaɓin da ya sa na rage masa yatsa uku a ƙugun wando. A 1906 ya zama kyaftin, ni na ɗinka masa tauraro na uku a wuyan riga. Bayan shekara biyu Kanar ya mai da shi ofishin taswira, inda ake ajiye zanen sababbin ramukan manyan bindigogi da ake ginawa a tudun bayan tashar jirgin ƙasa. Mutum biyar ne kawai ke da makullin ɗakin.

Sauran hafsoshi Limami suke ce masa. A teburinsu kowa na giya, shi yana shayi. Sun yi tsiyar har sun gaji, shi dai murmushi. 'Yar mai kantin magani ta yi shekara biyu tana sauya hula dominsa, daga baya ta haƙura ta auri wani likitan dawaki. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, hutunsa. Sau biyu a shekara, lokacin bikin Ista na cocinsu wanda kan zo bayan namu, da kuma bayan girbi, sai ya hau keken doki ya tafi ƙauyen kawunsa ya yi mako guda.

A nan ne ni da shi muka fara samun matsala, ko da yake shi bai sani ba. Kowane tela ya san ɗinkinsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Wata rana ya dawo daga hutun girbi ya kawo mini rigarsa ta yau da kullum in goge masa. Na juya ta sai na ga an farke shafin ciki, daidai ƙirjin hagu, tsawon yatsa huɗu, an sake ɗinkewa. Zaren na gida ne, irin wanda matan ƙauye ke kaɗawa, kuma allurar daga hagu ta tafi dama, wato bahago ne ya yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. A lokacin ba maganar Rasha nake ba, haushina shi ne wani ya sa hannu a aikina. Na ɗauko almakashi zan warware in gyara, sai na ji ya riƙe mini hannu.

"Bar shi haka, Baba Kubat. Guga kawai na ce."

"Ranka ya daɗe, wannan ai ba ɗinki ba ne, ɗaurin buhu ne. Wa ya yi maka wannan ta'asa?"

Ya ce ƙusa ce ta kama shi a ƙauye aka taimaka masa. Ƙusa dai ba ta tsallake waje ta kama shafin ciki. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle na ɗora dutsen guga. Da tururi ya ɗaga, sai ga shatin wani abu mai kusurwa huɗu ya fito a ƙirjin rigar, bai kai tafin hannu ba. Takarda ce a ninke. Na ɗaga kai muka haɗa ido, shi ya fara kawar da nasa.

Daga ranar na fara lura. Kowane hafsa yakan aiko da rigarsa ta kwana biyu a shagona, shi kuwa da kansa yake kawo tasa, ya tuɓe ya zauna a kan benci da 'yar shara, ko da ana zuba ƙanƙara, idonsa a kan hannuna har in gama. Duk dawowa daga hutu kuma sai in tarar da sabon zare a wurin nan, an buɗe an sake rufewa. In na ɗinka masa sabuwar riga, hutu ɗaya ya isa ta dawo da tabonta. Shekara goma sha ɗaya ina kallon wannan abu, ban gaya wa kowa ba sai Apolena.

Ita kuwa dariya ta mai da ni. Ta ce wasiƙar budurwa ce, ko gashin kanta, wai na tsufa har na manta abin da samari ke ɗauka a ƙirji. Na ce wace budurwa ce za ta yi shekara goma tana jira, kuma wane saurayi ne ke sauya wasiƙa sau biyu a shekara kamar takalmin doki? Ruwa ba ya tsami banza. Ta ajiye mini kwanon miyar kabeji ta ce, "Kai dai, ko burodi aka yanka maka sai ka leƙa cikinsa ka ga wa ya aiko shi. Ci abincinka, tela, ka bar wa Kanar aikinsa."

Da bazarar 1911 abin ya fashe. Aka ce an kama wani mutum a kan iyaka da kwafin zanen ramukan bindigogin nan a tafin takalminsa, kuma kafin a matsa shi ya yi magana ya mutu a hannun masu tsaro. Barikin ya zama wani iri. Mutanen da suka yi shekara goma suna karta tare suka daina gaisawa da kyau. Mai aski ya daina hira, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Daga Viyana, fadar Sarki, aka aiko wani Manjo Rettig, gajere mai sanƙo da taushin murya, ya bi mai wanki, ya bi kuku, ya bi mai kula da dawaki. Ran nan da hantsi sai ga shi a shagona, wai maɓallin hannun rigarsa ya yi lako-lako. Ina dubawa na ga da wuƙa aka ɗan yanke zaren.

Ya zauna ina ɗinki yana yabon shagon. Ya tambayi shekarata nawa a bariki, ya tambayi ƙauyenmu a Bohimiya, ya ce ai mu 'yan ƙabilar Cek mutanen kirki ne, sai dai wasunmu zuciyarsu na karkata gabas. Sannan ya ce, kamar wanda abin ya faɗo masa yanzu, ya ji ƙanin matata yana aiki a wata masana'antar sukari kusa da Kiyef, a ƙasar Sarkin Rasha, ko yana rubuto mana? Allura ta soke ni a yatsa, abin da rabona da shi tun ina koyo.

"Sau ɗaya a shekara, ranka ya daɗe. Gaisuwar Kirsimeti."

"Madalla da zumunci. Ka san abin da ke ba ni sha'awa da sana'arku, Malam Kubat? Kowane aljihu na barikin nan sai ya bi ta hannunka. In hafsa ya manta takarda a riga, kai za ka fara gani. Da ni mugu ne, da sai in ce ba ma buƙatar neman mai makulli."

Ban yi masa gardama ba, don na gane karatun. Ko in ba shi mutum, ko ya ɗauke ni. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba, amma ba tsoro kaɗai ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da magana ana yi mini dariya a gidana, yau ga babban mutum daga Viyana ya zo har shagona yana son ji. Na ajiye allura na zayyana masa komai, zaren, hannun bahago, shatin takarda, zaman benci da 'yar shara. Bai rubuta ko kalma ɗaya ba, ya dai yi ta gyaɗa kai. Da zai fita ya ce maɓallin ya ɗinku da kyau.

Washegari da safe mutanen Manjo suka shiga ɗakin Kyaftin Hladun. Rigar na rataye a ƙusa, an tsaga shafin da reza, babu komai a ciki. A murhu kuma ga sabuwar toka ta takarda, a watan da ba mai hura wuta. Ashe tun da ya ji ana bin mutane da tambaya ya ƙone abin. Da ya bar shi, ko mene ne, da wataƙila ya fi masa sauƙi.

Kotun soja ta zauna kwana uku a ɗakin cin abincin hafsoshi, an rufe tagogi. Sauran masu makulli huɗu duk 'ya'yan manyan gida ne, kowa da kawunsa janar ko surukinsa alƙali, saboda haka ba a wahalar da su ba. Wani ɗan sandan kan iyaka ya ba da shaida cewa sau biyu ya hango Kyaftin a mashigin kogi kusa da ƙauyen kawunsa, yana tarbar wani mai lulluɓi da ya tsallako daga ƙetare. Ni ma na ɗora hannu a Littafi na maimaita abin da na gaya wa Manjo, ban ƙara ba ban rage ba. Aka tambayi Kyaftin me ke cikin rigar, wa ke ɗinkewa, wa yake tarba a mashigi. Amsa ɗaya ya yi ta bayarwa, cewa bai taɓa ba wa kowa sirrin Sarki ba, sauran kuwa ba zai faɗa ba. Aka yanke masa shekara goma sha biyar a kurkukun soja, bayan an tuɓe masa girma a gaban bataliya.

Tuɓe hafsa yana da ƙa'idarsa, kuma rabin aikin na tela ne. Ana gobe za a kawo maka rigar faretinsa, ka cire kowane maɓalli da kowane tauraro da igiyar kafaɗa, ka mai da su da siririn zare ɗaya tak, yadda da an taɓa za su zube. Maƙerin bariki kuma ya goga wa takobin zarto har rabi, don ya karye a gwiwa sau ɗaya. Da haka Samanja zai gama komai kafin mai ganga ya gaji, mutum ya sha kunyarsa cikin minti biyu a wuce da shi. Sau biyu na taɓa yi kafin wannan, ga wani da ya gudu daga fage da wani da ya saci abincin dawaki, kuma ban rasa barci a kansu ba.

Ana gobe da azahar aka kai ni ɗakin da yake tsare in gwada masa rigar, don ya rame. Mai gadi ya tsaya a waje. Ya miƙe ya buɗe hannuwa kamar kullum, na zagaya shi da alli. Ban yi niyyar magana ba, amma da na zo daidai ƙirjin hagu bakina ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, an riga an gama. Don Allah mene ne a ciki?"

Ya kalli saman kaina. Sannan ya ce, "Zabura ce. Laya, in ka fi so. Tsohuwata ke sa a rubuta mata, ta ɗinka mini da hannunta, wai harsashi ba zai same ni ba. Duk zuwa sai ta sauya, ta ce gumi ya cinye ta baya."

Na ce ai takardarsa ta ce mahaifiyarsa ta rasu. Ya ce takarda ce ta faɗa. Da ubansa ya mutu ta sake aure a ƙetaren kogi, ta zama talakar Sarkin Rasha, kuma makarantar hafsoshi ba ta karɓar wanda uwarsa ke can. Kawunsa ya rubuta ta mutu, ya buga hatimin coci. Sau biyu a shekara wasu 'yan ƙauye ke tsallako da ita ta mashigi, ta kwana uku ta koma. Na ce to ai wannan shi ne maganin shari'ar gaba ɗaya, me ya hana shi faɗa? Ya yi 'yar dariya. Ya ce in ya faɗa, kawunsa mai shekara saba'in zai shiga kurkuku kan takardar ƙarya, masu tsallako da ita za su bi shi, ita kuma a can za a wayi gari an san uwar hafsan Ostiriya ce mai zirga-zirga a kan iyaka. Bayan duk wannan kuma Manjo Rettig zai ce, to, ga ma wadda ke kai saƙon.

"To ni me ya sa ka gaya mini? Ka ga dai abin da bakina ya yi."

"Kai yanzu ko ka hau hasumiyar coci ka faɗa, wa zai saurare ka? Ka riga ka rantse. Na gaya maka ne don ka tafi da shi gida, Baba Kubat, ka ajiye." Ya tuɓe rigar ya miƙo mini. "Abu ɗaya nake roƙonka. Ka sa zare mafi siriri da kake da shi. Mutanen da na koya wa riƙon bindiga ne za su tsaya suna kallo. Ina so a gama da wuri."

Na fito ina ce wa kaina ɗan leƙen asiri ai dole ya iya tsara labari, sana'arsa ce. Uwa ma tana iya ɗinke taswira kamar yadda take ɗinke Zabura. Har yau ban daina wannan tunanin ba, halina ne. Amma da na shimfiɗa rigar a tebur sai wani abu ya dawo mini, abin da ban faɗa a kotu ba don ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban tambayi kaina ba. Ɗinkin farko da na gani ƙanana ne, a jere, kamar haƙoran ɓera. Kowace shekara sai su ƙara faɗi, su ƙara karkacewa, na bara kuwa har allurar ta kauce layi sau biyu ta dawo. Na san wannan ɗinki, don haka na uwata ya koma kafin ta daina gani. Hannu ɗaya ne, kuma hannun tsohuwa ne mai rasa ido. Ni da nake taƙama ba abin da ke wuce ni a riga, shekara goma sha ɗaya ina kallon wannan ban karanta ba, don ba shi nake nema ba.

Na gaya wa Apolena. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce in je wurin Kanar. Na ce in ce masa me, ɗinki ya yi faɗi? In kuma aka yarda da ni, na kashe tsohuwa da limami, abin da mai rigar ya zaɓi shekara goma sha biyar don kada ya faru. Ta ce to in yi abin da ya roƙe ni, shi ke nan abin da ya rage. Gaskiya ta faɗa. Ni kuwa na shiga shago da wata dabara tawa.

Kuratanmu mutanen ƙauye ne, kuma sun yi imani cewa in igiya ta tsinke wa wanda za a rataye, Allah ne ya wanke shi. Na ce a raina, bakina ya rantse, amma hannuna bai rantse ba. In maɓallan suka ƙi fita, mutum ɗari takwas za su gani, su koma ƙauyukansu suna cewa rigar Kyaftin Hladun ta ƙi rabuwa da shi. Ko ba komai zai tafi da wannan. Na ɗauko zaren da nake ɗinka sirdi da shi, na ninka huɗu, na murza shi da kakin zuma. Kowane maɓalli na bi shi sau goma sha biyu na naɗe wuyansa, taurarin kuma na haɗa su har da ƙwarin kwala. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irin na wannan yammaci ba, kuma ina yi ina jin kamar ana sauke mini kaya.

Da safe aka jera bataliya kusurwa huɗu a filin fareti, mutanen gari suka cika bayan shinge. Ni ina tsaye kusa da ƙofa tare da maƙeri. Aka fito da shi tsakanin masu gadi huɗu, yana tafiya a miƙe. Aka karanta hukunci, ganga ta fara. Samanja Dudek, ƙato ne mai wuya kamar na bijimi, kuma shekara shida ya yi a ƙarƙashin Kyaftin, ya matso ya sa yatsa biyu a maɓallin sama ya ja a hankali, yadda aka saba. Maɓalli ya ƙi. Ya sake ja. Ya waiwaya ya dubi Kanar, Kanar ya ɗaga masa haɓa. Sai ya kama da hannu duka ya fizga, Kyaftin ya yi taga-taga ya faɗo a ƙirjinsa.

Ba wanda ya ce Allah ya wanke kowa. Wani a bayan shinge ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Dudek ya ji kunya, kunyar ta zama fushi. Ya sa masu gadi biyu suka riƙe Kyaftin ta baya, ya dinga fizga yana girgiza shi kamar mai kakkaɓe buhu. Maɓalli na biyu ya fita da tsokar yadi. Da ya zo kan taurari ya cusa yatsu cikin kwala ya murɗa, kwalar ta shaƙe Kyaftin har fuskarsa ta yi baƙi, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa cikin taɓo a gaban mutanensa. Mai ganga ya gaji ya tsaya, aka daka masa tsawa ya ci gaba. Daga ƙarshe sai da aka aika kicin aka kawo wuƙar yankan albasa, aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har ta ɗan yanke shi a wuya. Agogon coci na gabana, abin ya ci minti goma sha tara. Takobin ne kaɗai ya karye yadda ya kamata, don maƙeri ya yi aikinsa.

Kowa ya fassara abin yadda ya ga dama. Kanar ya ce tsufa ne ya kama ni. Manjo Rettig ya sa aka bincike shagona har ƙarƙashin dandamali, ya ce wanda ya yi wannan ko dai abokin cin mushe ne ko mahaukaci, daga baya ya zaɓi na biyun. Hafsoshi kuwa suka yi ta dafa mini kafaɗa, wai na yi wa maci amana maganin da ya dace, har wani ya aiko mini da kwalbar giya. Kyaftin ya mutu da ciwon huhu a shekararsa ta huɗu a kurkuku. Ban rubuta masa ba, don kowace wasiƙa sai an karanta, kuma ba yadda zan bayyana dalilina ban ambaci tsohuwar ba. Ko shi ya sayar da zanen, ko ɗaya daga cikin huɗun nan, ban sani ba har gobe.

Ranar dai, da aka tashe shi daga taɓo, ta ƙofar da nake tsaye aka wuce da shi. Rigar ta zama tsumma, yana riƙe da gabanta da hannu ɗaya don kada ta buɗe. Na cire hulata, na buɗe baki in ce wani abu, ban san me ba. Ya tsaya daidai ni har mai gadi ya tura shi, ya dube ni babu fushi, irin kallon da ake yi wa lissafin da ya ƙi fita.

"Baba Kubat," ya ce a hankali, "wai me na taɓa yi maka ne?"